Gwangwanin Ɗan Kulob

Ka taɓa jin wata ƙara ko wani ƙamshi, kawai wani mutum ya faɗo maka a rai kamar yana tsaye a gabanka?

Wata rana, lokacin ina bautar ƙasa a Jos, na shiga kasuwa sayen lemu.

Ban daɗe da gama karatun kimiyyar abinci ba, kaina cike da dabaru. Yau in ce kamfanin zoɓo zan buɗe, gobe in ce kunun aya zan zuba a kwali. Abokan zamana har sun fara ɓuya in sun ji na kunna bilenda, injin markaɗena, don sun san su za a ba ɗanɗano.

A wurin mai lemu na tarar da wani dattijo. Hular sanyi a kansa, kwat ɗinsa ta tsufa amma ta sha guga. Yana ɗaukar lemun tsami ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa.

Ya ce wa mai lemun, "Kai da kake sayar da shi, ba ka san yadda ake haɗa shi da madara ba tare da ta tsinke ba?"

Mai lemu ya ce, "Baba, ni sayarwa nake yi, ba aure nake ɗaura musu ba."

Ku da kuka san ni kun san bakina ba ya iya shiru a irin wannan wuri.

Na ce, "Baba, ni na sani! Abin da na karanta ke nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "To ɗana, rako ni, gidan ba nisa."

A hanya ya ba ni labari.

Ya ce yana saurayi ya yi aiki a wani kulob na Turawan haƙar kuza, shi ne mai haɗa musu abin sha. Akwai wanda suka fi so: wiski, kirim ɗin madara mai kauri, ruwan lemu, zuma kaɗan, a zuba ƙanƙara a girgiza har ya yi kumfa.

A lokacin yana neman wata yarinya, Rifkatu, ’yar ƙungiyar mawaƙan coci.

"Ranar da na fara zuwa zance ta ce min ita ba ta auren mai warin giya. Na ce ni zubawa kawai nake yi. Ta ce ai mai zubawa ya fi mai sha laifi."

Ya yi dariya har da tari.

Sai ya nemo dabara. Ya cire wiskin, ya sa baƙin shayi mai kauri da kanumfari a madadinsa. Ya roƙi ɗan kirim a kicin ɗin kulob. Duk ranar zance sai ya tsaya a ƙofar gidansu da wani gwangwani mai murfi, ya girgiza mata a nan.

Ta sha, ta aure shi. Amma ba ta daina tsokanarsa ba. Tun daga lokacin ba ta da sunan da take kiransa da shi sai Ɗan Kulob.

Kulob ya rufe, kirim ya ɓace, yara suka zo, aka manta da gwangwani a ƙasan akwati.

Muna dab da gidan ya rage murya.

Ya ce, "Yanzu mantuwa ta kama ta. Ba ta gane ni. Kullum sai ta gaishe ni da ladabi, ta ce, malam, ko ka ga maigidana a hanya?"

Ya ce ba warkewa yake nema ba, likita ya riga ya faɗa masa gaskiya. So yake ta gane shi ko sau ɗaya. Ya yi tunanin ko ɗanɗanon nan zai tuna mata. Amma duk lokacin da ya haɗa da madarar gari, sai ta tsinke ta yi gudaji, ya zubar kafin Rifkatu ta gani.

Mun shiga. Mama tana zaune a tsakar gida tana shan hantsi, an lulluɓa mata zane a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa min da fara’a, ta amsa wa mijinta da irin wannan fara’ar. Ni da shi duk baƙi ne.

A kicin na gano matsalar nan take. Baba yana dama madarar a shayi mai ɗumi, sannan ya antaya lemun tsami. Kirim ɗin kulob yana da maiƙo, yana jure tsami. Madarar gari mai ɗumi ba ta jurewa.

Na ce a bar shayin ya huce, ya yi sanyi ƙarara. A samo madarar gwangwani mai kauri, ita ma a sanyaya ta, a fara haɗa ta da zumar. Lemun zaƙi ya fi yawa, na tsami ɗan kaɗan, kuma shi ne na ƙarshe. Ƙamshin kuma a kankaro shi daga ɓawon.

Kafin shayin ya huce na ruga gida na ɗauko bilendata, don a ganina aiki sai da kayan aiki. Da na dawo na zuba komai a ciki na kunna.

Jama’a, abin ya yi kyau! Sumul, ba gudaji ko ɗaya, kumfa a sama kamar auduga. Baba ya ɗanɗana ya rufe ido. Ya ce, "Shi ne."

Ya kai mata da hannu biyu.

Ta kurɓa. Ta ƙara kurɓa.

Ta ce, "Da daɗi. Na gode, malam. Allah ya yi albarka."

Malam.

Ya karɓi kofin. Ni kuma na fara kawo shawarwari, ko a ƙara kanumfari, ko a rage zuma, ko a canja kofi. Ya ɗaga min hannu na yi shiru.

Akwai saura a kwano. Ya ce kada a yi asararsa, bari ya haɗa min nawa in sha kafin in tafi, amma irin yadda ya saba, shi bai iya injin nan ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin. Duk ya lotsa, fentin jikinsa ya goge. Ya wanke, ya zuba, ya jefa ƙanƙara, ya rufe.

Tsufa ya ci ƙarfin hannunsa, ya kasa riƙe murfin. Na ɗora tafina a kai na danne masa. Shi ya riƙe gindin, ya ɗaga kusa da kunnensa, ya fara.

Kacau-kacau, kacau. Kacau-kacau, kacau.

Ashe da kiɗa yake yi. Kafaɗarsa har tana motsi.

Daga bayanmu muka ji murya, ba irin ta ɗazu ba. Wannan da kaifi take, da tsiwa.

"Ɗan Kulob! Rage ƙarar nan, so kake babana ya fito?"

Gwangwanin ya tsaya cak.

Bai juya ba. Ya ce, "Rifkatu, in ya fito ai sai in zuba masa nasa."

Ta ce, "Marar kunya. Kuma kada ka cika tsami irin na ranar nan."

Na saki murfin na fita ƙofar gida, don abin da ya rage ba nawa ba ne.

Da na dawo ɗaukar bilenda, yana zaune a ƙasa kusa da kujerarta, suna sha a kofi ɗaya. Idanunsa sun yi ja, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce min ya san zuwa anjima za ta koma ce masa malam. Ya ce ba komai, gobe ma akwai lemu a kasuwa.

Na gama bautar ƙasa na bar Jos. Ban san halin da suke ciki ba yanzu. Ko sunansa na gaskiya ban tambaya ba. Amma har yau in na ji ƙanƙara tana kaɗawa a kofi, tsakar gidan nan nake gani.

Darasi:

Mutanen da suke ƙaunarmu ba abin da muka ba su kaɗai suke ajiyewa ba, har da yadda muka saba ba su. Ilimina ya hana madara tsinkewa, kuma ina alfahari da hakan. Amma ƙarar da ta saba ji a ƙofar gidansu ita ta kira ta.

In akwai tsoho a gidanku, kada ka yi saurin sauya masa tsohon kofinsa ko tsohuwar hanyarsa don ka samo wadda ta fi sauri. Zauna yau ka tambaye shi yadda suke yi a da, ka bar shi ya yi da hannunsa, kai ka riƙe masa murfin.

Ka tura wannan ga wanda yake jinyar mahaifi ko mahaifiya, ya san ba shi kaɗai ba ne. Sannan ka faɗa min a ƙasa: wace ƙara ce take mayar da kai gidanku?