Inno Mai Tsaron Ruwan Mata

Ƙarfe bakwai da rabi na safe keke-napep ke sauke ta a gidan hutu na Inuwar Gulbi, wanda ke bakin gulbin Rima a kan hanyar Wamakko. Ba ta bi ta ƙofar baƙi. Takan zagaya ta wajen masu wanki, ta ajiye jakarta, ta nufi tafkin iyo, ta tsoma ƙafa ɗaya ta ji sanyin ruwan. Daga nan sai ta sa masu shara su jawo zana goma sha huɗu su kewaye tafkin, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana neman ɓula. Duk inda haske ya ratso, ta cusa tsumma. In ta gama da ƙasa sai ta hau bene, saboda akwai ɗakuna shida da tagoginsu ke kallon ruwan.

A nan na fara saninta, shekara huɗu da suka wuce. Ina zaune a baranda da kofin shayi sai na ji ƙwanƙwasa.

"Malam, a gafarce ni, lokacin mata ya yi. Shiga ciki ka ja labule."

Na ce mata ai ni gulbi nake kallo.

"Gulbin ba shi zuwa ko'ina. Azahar ka hito ka iske shi."

Na shiga, na ja labule, na shafe awa huɗu ina karanta takardar dokokin otal.

Sunanta Nana Hauwa, amma har manaja Inno yake ce mata. 'Yar masunta ce daga gefen Wamakko, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ita ke tsaron tafkin daga ƙarfe tara zuwa azahar, lokacin da aka keɓe wa mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Mai gidan hutun, Alhaji Aƙilu, ya faɗa tun bara ba tare da kwana-kwana ba: ranar da Inno ta tafi, in babu macen da za ta iya tsamo mutum daga wuri mai zurfi, an rufe lokacin mata ke nan. Namiji ba zai shiga bayan zana ba, kuma shi ba zai yarda a fito da gawa daga gidansa ba.

Ya kamata in faɗi gaskiya tun da wuri. Ban taɓa ganin matar nan tana aikinta ba. Babu namijin da ya taɓa gani. Abin da zan rubuta na tattaro shi ne daga bakin matan da suka shiga suka fito, musamman mai ɗakina, Sakinatu. Wannan ma shi ya fara ɗaure mini kai. A allon da ke bakin ƙofa an jera komai da Turanci: lilon yara, yawo a kwale-kwale, ɗakin gyaran jiki inda ake yi wa mata dilka da halawa da turare, irin wanda kakanninmu suka yi a bayan ɗaki, sai dai yanzu an ƙara sanyin na'ura da kiɗa mai sa barci. Aikin Inno ne kawai ba shi da suna. A takardar ma'aikata, an ce mini, tana cikin masu shara.

Asali kifi Inno ta zo sayarwa a kicin, shekarar da aka buɗe wurin. Ta ga maza da yara cikin ruwa suna ta iyo, mata kuma jere a gindin darbejiya da kulolin abinci, kowace da tarin silifa a gabanta. Ta tsare Alhaji Aƙilu, wanda dillalin shanu ne da ya ga irin wurin a ƙasar waje ya zo ya gina nasa.

"Alhaji, matan ga gadin takalma sunka zo?"

Ya ce ba shi da macen da za ta kula da su a ruwa. Ta ce ga ta nan tsaye.

Na ɗauka aikin na iya iyo ne. Sakinatu ta ce rabinsa sanin tufafi ne. Matanmu ba sa shiga ruwa sai da sutura, kuma Inno ta san halin kowane yadi in ya jiƙe. Zani yakan naɗe ƙafafu. Shadda tana shan ruwa ta yi nauyin buhu. Leshi yana maƙalewa a tsani. Dogon hijabi kuwa yakan taso ya rufe fuska, mace ta rasa ina sama ina ƙasa. Don haka takan tsaya a bakin zana tana murza tufafin kowa da yatsu, kamar mai saye a kasuwa. Ita ta kai wa wani tela a unguwar Gidan Dare samfurin wando mai faɗi da ake ɗaurewa a idon sawu, da riga mai sauka gwiwa, da ɗan hijabi iya wuya. Wadda ta ƙi sawa ta zauna a kan tabarma ta yi kallo. A ƙugunta kuma akwai almakashi ɗaure da igiya.

Mace ɗaya ce ta taɓa karya dokar, Hajiya Jamila, yayar Alhaji Aƙilu, matar wani babban mahauci, wadda Allah Ya yi wa jiki da murya. Ta ce ba za ta sa wandon da wasu suka sa ba a gidan ƙaninta. Ta shiga da shaddarta da hijabinta har ƙasa, ta yi taku huɗu, santsi ya ja ta zuwa zurfi. Waɗanda ke wurin sun ce abin da suka gani kawai yadi ne shimfiɗe a kan ruwa. Inno ta faɗa, ta zagaya ta bayanta, ta tsarge hijabin daga wuya zuwa ƙasa, ta jawo ta da haɓa. Da Hajiya ta gama tari, tambayarta ta farko a kan kayan ce.

"Inno, kin san daga ina anka kawo min yadin ga?"

"Ban sani ba, Hajiya. Amma dai na san ba a likkafani da shi."

Tun ranar Hajiya Jamila ke sa wandon Gidan Dare, sai dai ta sa an ɗinka mata nata, da aiki a baki.

Sakinatu kuwa malamar sakandare ce, tana koya wa yara yadda ruwa ke ɗaukar abu da lissafinsa duka, amma shekara ashirin ba ta yarda ta hau jirgin fito zuwa ƙauyen su mahaifiyarta da damina ba. Ta ce Inno ba ta yi mata wa'azi ba. Kwantar da ita ta yi rigingine a kan ruwa, ta tallabe mata ƙeya, ta kama ba ta labarin wani masunci da ya auri mace don tarunta. Labarin ya yi mako uku, kullum a tsaya a wuri mai daɗi. Bara mai ɗakina ta haye gulbi a jirgi sau biyu. Ni na tsaya a gaɓa, saboda wani aiki da ya taso mini.

Akwai kuma ranar Litinin. Ranar ba a cika samun baƙi ba, sai Inno ta roƙi Alhaji ya bar ta ta riƙa kawo matan ƙauyukan ƙetare, masu hawa jirgi kullum da kwandunan albasa da jarirai a baya. Su ba iyo na nishaɗi take koya musu ba. Abu biyu ne: yadda za ki kwance zani cikin ruwa ba tare da kin tsaya tunanin kunya ba, da yadda za ki juya goyo daga baya zuwa ƙirji.

Inno, ke ce kika gane cewa tsoron ruwa da kunya ba abu ɗaya ba ne, alhali mu masu digiri mun haɗa su mun kira su al'ada. Ke ce kika tsaya awa huɗu kullum a rana irin ta Sakkwato, idonki a kan kawuna talatin, ba ki zauna ba, ba ki ɗauki waya ba. Ɗiyar gulbi, mai almakashi a ƙugu. Shekara goma sha ɗaya, ba a fito da kowa a kwance daga bayan zanarki ba.

Da maganar tafiyarta ta taso, manaja Mansur ya yi abin da aka koya masa a makaranta, ya buga sanarwa. Mata uku suka zo da takardun shaidar karatun kula da baƙi. Babu wadda ta iya iyo. Ɗaya ta ce ta kalli yadda ake yi a waya kuma ta gane. Ashe ita Inno ta daɗe da zaɓar tata. Sadiyatu ce, mai shekara arba'in da uku, wadda ke yi wa baƙi dilka a ɗakin gyaran jiki. Hannuwanta Inno ta gani, hannuwan da suka saba murza jikin manyan mata daga safe zuwa yamma. Shekara biyu tana jan ta cikin ruwa kafin baƙi su iso.

Sai aka zo ga matsala. Dole Mansur ya gwada ta, kuma ba shi da izinin gani. Hajiya Jamila ce ta raba gardama. Ta ce ita za ta nitse, kuma da shadda.

Asabar ɗin da ta wuce na kai Sakinatu, na tarar da Mansur tsaye a bayan zana, ya juya wa tafkin baya, yana kallon agogo. Na tsaya kusa da shi. Sharaɗin Alhaji shi ne Sadiyatu ta fito da Hajiya ita kaɗai. In ƙafar Inno ta taɓa ruwa, an faɗi.

Muka ji faɗuwar abu mai nauyi. Muka ji ta biyu, mara nauyi. Sai hayaniyar ruwa, sai kuma shiru, irin shirun da mata talatin ba sa yi. Mansur ya daina kallon agogo. Sai muryar Inno, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Ba ni shiga, Sadiya. Nitse ƙasa ki hito ta bayanta."

Ban san tsawon lokacin ba. Abin da ya biyo baya tari ne, sannan guɗa. Mansur ya gyara murya ya tambayi zana ko akwai mai ba da shaida.

"Mansur, rubuta ta ci," in ji Hajiya Jamila daga ciki. "Ta kusa cire min wuya, Allah Shi isa."

A mota Sakinatu ta ba ni sauran. Wasan ya zama gaske, domin Hajiya ta shaƙi ruwa ta firgita, ta maƙale wuyan Sadiyatu, suka yi ƙasa tare. Inno tana tsaye a baki, yatsun ƙafarta sun leƙa ruwan, ta riƙe ƙarfen tsani da hannu biyu kamar mai hana kanta faɗuwa. Washegari na sami Inno a wajen masu wanki na tambaye ta har yaushe ta yi niyyar jira.

"Numfashi biyar na ba ta. Ga na huɗu sunka taso."

Na ce in da ba su taso ba fa?

"Da na shiga, a rufe ruwan. Mi za a yi da tafki in an rasa mace?"

Inno, mun gode. Matan da suka yi shekaru suna gadin takalma sun gode, matan ƙetare sun gode, mu ma da muka tsaya a bayan zana mun gode. Allah Ya sassauta wa gwiwoyin nan, Ya sa abin da kika yi ya tarbe ki a inda ba a buƙatar shaidar manaja.

Ga sauranmu kuma, kowa ya dubi aikin hannunsa. A ofisoshinmu mutum kan ɓoye abin da ya sani har ranar da za a yi masa walimar sallama, ya tafi da shi gida. Matar nan ba ta yi aji ɗaya ba, amma ta nemi wadda za ta gaje ta tun tana da ƙarfi, ta koya mata duka, kuma da ranar ta zo ta iya tsayawa a gefe. Wanda ke da abin koyarwa ya fara yau.

Ranar ɗaya ga wata, ƙarfe tara, za a buɗe wa mata ruwa kamar kullum. Sadiyatu ce a baki.