Yadda Na Fita Daga Ciyayya

Da aka tura ni Roni aikin malamin gona, iyalina na bari a Babura, na kama ɗaki a gidan wani dattijo da duk unguwar ke kira Baba. Ciyayya ce ta riƙe ni a garin. Bayan magariba mazan unguwa kan fito da kwanukansu ƙofar gidan Baba, a shimfiɗa tabarma, a sa hannu tare. Ni da ba ni da mai dafa mini, kowa turo mini nasa yake yi. An san ni da ci, jikina kuma bai ɓoye ba. In na zauna, sai na dafa bango nake iya tashi.

Ciwon ƙafa ne ya kai ni asibiti a Kazaure. Likita ya auna ni, ya duba jinina, ya ce sukari ya fara hawa, dole in rage ƙiba. Ya rubuta mini wata allura da ake yi mako-mako a fatar ciki. Sanyi take so, ni kuwa ba ni da firiji, sai na ba wani mai kyamis ajiya don yana da sola. Duk Asabar in je, in shige bayan kanta, in ɗaga riga in yi wa kaina. Ban gaya wa kowa ba. Kunya nake ji a ce ƙato kamata yana shan magani don ya daina ci.

Ba a jima ba abinci ya fita raina. Tuwon dawa da miyar kuka da nake sharewa tas, sai in yi 'yan lomomi in ji na cika. Ƙamshin man shanu ma tayar mini da zuciya yake yi. Wani maƙwabcinmu Bafulatani ya dube ni ran nan ya ce, "Malam, ko girkin gidana ne bai yi maka ba?" Na ce wallahi ya yi. Amma daga ranar bai sake turo mini kwanonsa ba.

Rigunana suka fara yi mini yawa, wuyana ya fito. An kuma ga ina yawan shiga kyamis. Wata rana na fito na tarar an zuba mini nawa daban a ƙaramin kwano, an ajiye mini moɗa daban. Babu wanda ya kalle ni.

Washegari Baba ya tare ni a zaure.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Wane ciwo ne?"

"Baba, ba abin da ake zato ba ne. Allurar rage ƙiba likita ya ba ni."

Ya kalli hannuwana. "Allurar rama? Mutum da lafiyarsa?"

Ya faɗa musu, na sani. Wasu sun yarda, wasu ba su yarda ba. Ƙaramin kwanon dai bai daina zuwa ba, ni ne na daina fitowa. Sai in zauna a ɗaki da kofin shayi, ina jin ƙarar murafen kwanuka da dariyarsu ta taga.

Ko a gida ban tsira ba. Da na je Babura, mahaifiyata ta kama tsintsiyar hannuna ta zagaye ta da yatsunta. "Wa ya yi maka haka?" Na ce, "Inna, lafiya ce, likita ma murna yake yi." Ta juya ta shiga ɗaki tana share ido. Matata ta yi mini dambu, na ci kaɗan, ta ɗauke kwanon.

Sukarin ya sauka, ƙafafun suka saki, har gona nake zagayawa a ƙasa ba haki. Bayan damina aka mayar da ni Gwiwa. A can babu wanda ya san ni da ƙiba, don haka babu mai tambaya. Dogon malamin gona suke ce mini. Mu gaisa a masallaci, kowa ya nufi gidansa.