Taku Talatin a Tsallaken Rafi

Duk wanda ya taɓa saɓa bindigar farauta a garinmu, a hannun Orval Stensrud ya koya. Shekara talatin da ɗaya yana tara mutane a zauren coci duk kaka, yana karanta musu dokokin farautar barewa na jihar Wisconsin kamar mai wa'azi. Makanikin tarakta ne fa, ba wanda ya sa shi. Taurin kai kuwa, ba a magana. Matarsa Lorna takan ce da littafin dokar nan mace ce, da ita ya aura.

Abu biyu yake nanatawa har kunne ya gaji: kada ka yi harbi inda aka rufe farauta, kada kuma ka bar dabbar da ka ji wa ciwo tana shan azaba. Bai taɓa kawowa a ransa cewa biyun za su yi karo ba.

Gonarsa ta ƙare a bakin wani ɗan rafi, rafin nan kuma shi ne iyakar gundumomi biyu. A shekarar da abin ya faru, hukuma ta ƙara wa ɓangarensa 'yan kwanakin farauta a ƙarshen Disamba don a rage matan barewa, sun yi yawa suna cinye wa mutane masara. A tsallake kuwa an rufe tuni.

Lokacin ya kai saba'in da huɗu, hannunsa ya soma rawa. Kowa ya gani, shi kaɗai ya ƙi gani.

"Tsoho, kofin shayi ma zubar da shi kake," in ji Lorna wata safiya cikin kwanakin nan, yana shirin fita farauta. "Barewa za ta tsaya maka ne?"

"Ke dai ki wanke tukunya."

Da hantsi wata barewa ta fito bakin gona. Ya auna ƙirji, harsashi ya same ta a ƙugu. Kash! Ta ja ƙafafun baya cikin dusar ƙanƙara, ta faɗa rafin, ta haye, ta zube a gindin wata bishiya. Orval ya bi jinin har bakin ruwa ya ja birki. Ga ta can, taku talatin, tana ta yunƙurin tashi tana komawa.

Ya buga waya ga malamar daji, Darlene Wojta, wadda ita ma shi ya koya mata riƙon bindiga.

"Baba Orval, ina can ƙarshen gunduma, ga hanya ta daskare. Sai na yi awa biyu. Ka san dokar ai, ba sai na faɗa maka ba."

"Na sani," ya ce.

Ya zauna a kan wani kututture, bindiga a cinya. Barewar ta soma wani irin kuka, ƙasa-ƙasa, kamar na akuyar da igiya ta shaƙe. Sau uku yana ɗaga bindigar, sau uku yana saukewa. Ba kowa a dajin, ko tsuntsu. Amma da wane baki zai sake tsayawa gaban mutane? Ya tsani kansa, ya tsani hannunsa, ya tsani wanda ya zauna a ofis mai ɗumi ya ja layi a kan rafin nan. Ita kuwa ta juyo da kai ta zuba masa ido, ba ta ɗauke ba.

Kukan ya yanke kafin a ji ƙarar mota.

Darlene ta haye ruwan, ta durƙusa, ta taɓa wuyan dabbar. Ta daɗe tana duban ƙasar da kofato ya tone, ƙanƙarar duk ta zama jan taɓo. Da ta dawo, idonta ya kaɗa.

"Yaushe ta cika?"

"Bai fi minti goma ba."

"Duk tsawon lokacin nan kana zaune a nan?"

"Doka ce, Darlene. Ke ma kin faɗa."

"Haba, Baba!" Ta yi ƙasa da murya. "A waya ne fa, me kake so in ce? Na ɗauka kana ajiye wayar za ka gama da ita. Ni da hannuna zan rubuta maka takardar tara a kan wannan?"

 Orval ya sunkuya zai zare harsashin daga bindigar, yatsunsa suka kasa kama shi, sai da ita ta karɓa ta cire masa.