Ɗorawar da na sare

Ina tsaye a sabuwar gonata ta wajen Jahun, ana jera dashen bishiyar turare don katako, sai ga wata tsohuwa ta tsaya kan kututturen ɗorawar da na sa aka sare.

Ni mai taƙamar ba wanda ya koya mini sana'a, ashe ban san gonar kaɗai aka sayar mini ba. Ɗorawar gadonta ce, da kalwarta take daddawar sayarwa.

Na ce, "Iya, yi haƙuri, zan dasa miki goma."

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni zan jira su?"

Har yau na kasa komawa gonar. Jama'a, da wane ido zan je gidanta?