Ranar da Inna ta zabga mini mafici

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin wata ranar Alhamis a unguwarmu ta nan Bauchi za ta fita daga raina. Lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina sayar da hatsi a Kasuwar Muda Lawal, ga ni da baki kamar me.

Labari ne ya bazu wai za a yi dokar hana iyaye dukan 'ya'yansu. Gari ya ɗauka. Mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan La'asar, har da lasifika, ni kuwa da aka ba ni dama sai na ƙi yin shiru. Na ce bulala ce ta mai da mu mutane, wanda ya haifi ɗa yana da ikon hukunta shi ko ɗan ya yi furfura, kuma ba a haifi mai shiga tsakani ba. Aka yi ta tafi. Maƙwabtana biyu suka rako ni gida suna zuga ni, ina ta hura hanci.

Muna shiga zaure sai ga 'yata mai shekara bakwai da murnarta, riƙe da hular da nake ji da ita, wadda ba na ba kowa sai gwanin wankin hula. Ta dirje ta da sabulu, ta matse ta kamar tsumma. Wai ta wanke mini ne saboda gobe Juma'a.

Raina ya ɓaci, ga kuma idon mutanen da suka gama jin cika bakina. Na tuɓe takalmi na ɗaga. Kafin in sauke shi na ji tas a ƙeya. Inna ce, mahaifiyata, da ƙotar maficinta. Ta ƙara mini biyu masu kyau.

"Haba Inna, a gaban mutane?"

"Ai a gaban mutane ka faɗa, lasifika ta kawo mana har tsakar gida," in ji ta. "Ni na haife ka. Wa zai shiga tsakani?"

Maƙwabcina ɗaya ya fake da tari, ɗayan ya dafa bango yana ƙyaƙyata dariya. Yau ni ma dariyar nake yi, amma ran nan da ƙasa ta tsage da na shige.

Wadda ta shiga tsakani ita ce yarinyar da nake shirin duka. Ta ruƙunƙume Inna tana kuka, tana roƙon a yafe wa Baba, ba zai sake ba. Na mai da takalmina ƙafa.

Har gobe ba na son hukuma ta leƙo mini gida. Amma ran nan na gane ba don hula na ɗaga hannu ba, don idon mutane ne. Tun daga lokacin, in yaro ya yi laifi, nakan fara tambayarsa dalili, domin na tuna yadda duka yake daga ɓangaren mai sha.