Hayaƙin Taya a Ƙirjin Nuhu

Nuhu mahauci ne ɗan mahauci, haifaffen Tudun Wada. Tun yana yaro yake babbaka kai da ƙafa a kan wutar tsofaffin tayoyi, yadda ya tarar ubansa na yi. Da ƙuruciya ya yi dambe, ya zubar wa maza haƙora daga Makera har Kakau, kuma bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Matarsa Kulu ce kaɗai ke ce masa zauna ya zauna.

Tari ne ya fara kai shi ƙasa. Ya sha sassaƙe, ya sha zuma da tafarnuwa, har ranar da ya tofa gudan jini a kan fatar da yake kankarewa. A asibiti aka soka masa allura ta tsakanin haƙarƙari, aka ciro tsoka, aka ce kansar huhu ce kuma ta yi nisa, alhali ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba. Likitocin suna bincike kan masu shaƙar irin wannan hayaƙi, suna son auna sauran mahauta tun cutar ba ta ci ƙarfinsu ba. Nuhu ya ce su zo. Ƙanensa Kabiru ya fara irin tarin nan yana ɓoyewa, abin kuwa yana ci wa Nuhu rai.

Ranar da nas Eunice, 'yar Unguwar Romi, ta iso mahauta da kwalaben karɓar kaki, ji-ta-ji-ta ta riga ta zuwa: wai dabara ce ta hana ƙona taya, a kashe musu sana'a. Mahautan suka yi mata ca. Wani ya tattake kwalaben, wani ya jefe ta da ƙashin saniya, goshinta ya tsage, jini ya rufe mata ido. Kabiru ne a gaba, wuƙar fawa a hannu.

Nuhu, wanda tafiya kaɗan ke sa shi haki, ya ratso taron. Bai naushi bakin ƙanensa ba, don ya san zai tofa jini, kada a ce daga naushin ya fito. Hannunsa ya murɗe har wuƙar ta faɗi, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa a cikin toka, ya danne. Tari ya sarƙe Kabiru, ya amayo jini a gaban kowa.

"Sista," in ji Nuhu da ƙyar, "fara da wannan."

Ƙarin da aka gano a huhun Kabiru ƙarami ne, aka yi masa aiki, ya tashi. Amma kayen da aka yi masa a gaban mahauta bai yafe ba, ko dubiya bai zo ba har Nuhu ya kwanta ciwon ajali. Kulu ta yi kuka, ta ce butulci ne.

"Ƙyale shi, Kulu," in ji Nuhu. "Sai mai rai ke fushi."