Mazaran Rabi'atu

Duk wanda ya zauna unguwar Ɗan Iya kafin samun 'yancin kai ya san Rabi'atu mai kaɗi. Zarenta masaƙan Gwallaga ke rububi, ga ta da kunya har ta yi yawa. Shekara tara da aure, ba ta taɓa tambayar mijinta, Malam Hammawa, me yake karantawa ba.

Shi malamin kimiyya ne. Turawan makarantarsu suna shirin tafiya, aka ce in ya ci jarrabawar da ake aikowa daga Ingila, shi zai gaji kujerar babban malami. To, daga nan ne mazaranta suka fara ɓacewa. Ta leƙa zaure ta gan shi durƙushe, ya murza biyu, yana ta "sama, ƙasa, ƙasa, sama," tuwo ya sandare a gefe.

Uwarsa, Inna Fatu, da ta gan shi haka, ba ta tsaya wata-wata ba. Ta ce iska ce, ran Juma'a za a ɗaure shi a kai shi ƙauyen Miri wajen mai magani, jarrabawa kuwa ran Litinin. Tsoro ya ci ƙarfin kunya, Rabi'atu ta shiga zauren.

"Malam, don Allah, mene ne wannan?"

Ya ɗago, har da murna. Ya ce a cikin kowane abu akwai 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kowace da juyinta, rabi-rabi. In an haɗa biyu, ko juyin ya zama ɗaya cur, ta hanya uku, ko ya zama babu, ta hanya guda tak.

"Wannan ta babun ce ta hana ni barci, Rabi. Na ɗauka wannan sama, waccan ƙasa, shi ke nan. Ashe ba wadda ta tsai da nata gefen. Ta duk inda ka auna guda, 'yar'uwarta kishiyar haka za ta nuna. A lissafi kuma debewa ake yi, ni ina ta tarawa. Mazaranki ma ba su nuna shi, ki yi haƙuri, na karya ɗaya."

Wallahi ko kalma ba ta gane ba. Amma ta taɓa jinyar kawunta da ya taɓu, ta san zancen mai taɓuwa ba ya tsayawa wuri guda. Washegari ta sake tambaya, jibi ma haka. Maganar ba ta goce ba, har ya fara ƙosawa.

Ran Juma'a ƙarti suka iso da igiya. Rabi'atu, wadda ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, ta tare ƙofa.

"Inna, lafiyarsa ƙalau. Wanda zai ɗaure shi, ya fara da ni."

Tsohuwa ta dube ta, sannan ta sallami mutanen. Ran Litinin Malam ya hau kekensa ya tafi jarrabawa. Sai da ya sha kwana Rabi'atu ta zauna a dokin ƙofa, ta yi kukan da ta riƙe.